Yadda Ake Barin Kyanwa a Hannun Amana Idan Tafiya Ta Kama

Shekarun baya, da babbar sallah ta matso, muka tattara yara za mu tafi gida kwana tara. Ranar tafiya, kaya na cikin mota, na leƙa gidan maƙwabta na ce wa yaran, "Don Allah ku riƙa duba mana kyanwar nan." Su biyar suka amsa baki ɗaya, "To, Mama." Kowannensu kuma ya ɗauka ɗan'uwansa ne zai je. Abin da ban sani ba shi ne, lokacin da nake ta shige da fice ina fito da kaya, ita ta sulale ta shiga sito ta kwanta bayan buhuna, ni kuma na ja ƙofa na datse kwaɗo a kanta. Sai a kwana na uku uwar yaran ta jiyo kuka ta bayan katanga, ta kira mu, maigida ya ce a ɓalle kwaɗon. Allah ya sa akwai ragowar ruwa a wani bokiti a ciki, kuma da sauran kwananta a gaba. Amma da na dawo na ɗauke ta na ji ƙashin bayanta a tafin hannuna, hadisin nan ne ya faɗo mini a rai, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba. Ni ban yi da gangan ba, amma ranar na gane sakaci ma yana iya kai mutum bakin wannan ramin. Tun daga lokacin ban sake fita gari ba sai na bi matakan da zan lissafo muku.

Kafin komai, a cire maganar nan daga rai, cewa "ai mage ce, za ta kama ɓera ta ci." Kyanwar da ta tashi a ɗaki tana cin abin da aka zuba mata ba ɗaya take da muzurun unguwa ba. Ko ta iya farauta, ɓera ba kullum yake fitowa ba, kuma wanda ya fito yana tangaɗi, mai sauƙin kamawa, sau da yawa shi ne wanda ya ci guba a gidan wani. Sannan jikin kyanwa ba ya jure yunwa yadda mutane suke zato. Idan ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitsen jikinta yakan taru a hanta ya toshe aikinta, kuma wannan ciwo yana kisa. Babbar kyanwa mai lafiya za ta iya kwana ɗaya ita kaɗai idan an ajiye mata ruwa da busasshen abinci. Da zarar tafiya ta wuce haka, dole a samu mutumin da zai zo kullum.

Mako biyu kafin tafiya: a tsayar da mutum ɗaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne a samu mutum guda, sananne, wanda ya buɗe baki ya ce "na ɗauka." Ba "yaran gidan su wane" ba, ba "'yan haya suna nan ai" ba. Aikin da aka ba wa jama'a ba shi da mai shi.

Wa ya dace? Wanda ba ya tsoron kyanwa kuma ba ya ƙyamarta. Kada ku ɗauka kowa haka yake. Akwai mutanen kirki da yawa da tsigar jikinsu ke tashi idan mage ta goge su, akwai masu camfi a kanta, akwai wanda gashinta ke tayar masa da atishawa ko asma. Irin wannan zai amsa muku saboda kunya, sannan ya riƙa turo abinci ta ƙasan ƙofa ya juya. Ku tambaya kai tsaye, ku kuma ba shi ƙofar fita: "Yaya, in da takura ki faɗa mini, wallahi ba zan ji komai ba, sai in nemi wani." Sannan ku tabbatar shi ma ba tafiyar zai yi ba. Lokacin sallah da dogon hutun makaranta unguwa takan yi wayam, wanda kuka dogara da shi yana iya cewa ai shi ma ƙauye zai wuce ranar yawon sallah. Saboda haka a nemi mutum na biyu wanda ya san da zancen, ko da ba zai taɓa zuwa ba, a haɗa su da lambar juna.

Gidaje da yawa mai gadi ko almajirin gida suke bar wa. Babu laifi, wasunsu ma sun fi 'yan gida sanin halin kyanwar. Amma a kula da abu biyu. In yaro ne, a ɗora babba a kansa, wanda makulli zai zauna a hannunsa kuma zai leƙa bayan kwana bibbiyu. Na biyun kuwa magana ce ta adalci: kada a damƙa wa yaron da ke kwana da yunwa ajiyar kifi da nama a ce na mage ne. A tanadar masa nasa abincin na tsawon kwanakin, a ba shi ladan aikinsa a fili, rabi kafin tafiya rabi bayan dawowa, a sa masa kati a waya in yana da ita. Wanda aka ƙosar shi ne zai ƙosar da dabba.

In mai kulawar mace ce mai juna biyu, ta zuba abinci da ruwa, amma kwashe kashi a ba wani. Kashin kyanwa yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ke cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tana bukatar kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya kama mutum, wannan ma wani dalili ne na kwashewa kullum da wanke hannu da sabulu.

A gida za ta zauna, ko kai ta za a yi?

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: a bar ta a gidanta, mutum ya riƙa zuwa. Kare mutum yake bi, kyanwa kuwa wuri take riƙewa. Ta san kowane lungu da ƙamshinsa, ta goga kumatunta a ƙafar kujera da bakin ƙofa, nan ne hankalinta yake kwance. Rashin ku na kwana goma a gidan da ta sani ya fi mata sauƙi a kan kwana goma a baƙon gida ko da ana shafa ta dare da rana.

Amma akwai lokacin da kai ta ya zama dole: tafiyar aikin Hajji da kan ɗauki wata guda ko fiye, gidan da za a rufe gaba ɗaya, ko kyanwar da ke shan magani. In haka ta kama, a roƙi masu masauki su ware mata ɗaki ɗaya mai taga da raga, ta zauna a ciki a rufe. In zaman zai yi tsawo, kada a bar ta ta leƙa tsakar gida sai ta yi aƙalla mako biyu, in kuwa gajere ne kada a sake ta sam. Kyanwar da aka saki a baƙuwar unguwa hanyar gida take nema, kuma a nan ne mota ko kare ko yara masu jifa suke samun ta. A tambaya ko suna da tasu magen, ko kare, ko tsaki da tantabaru, don kada a je neman taimako a dawo da ɓacin rai. A kai ta da kwanonta, da abin da take kwanciya a kai, da wani tsohon zani ko riga da kuka sa ba a wanke ba. Kwana biyun farko za ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. A ƙyale ta, a ajiye abinci kusa, kada yara su jawo ta.

Wajen ɗaukarta kuma, don Allah a daina sa kyanwa a buhu. A samu kejin roba da ake sayarwa, ko kwando mai murfi da za a ɗaure da igiya, ko kwali mai ƙarfi da aka huhhuda. Kada a sa ta a but ɗin mota, kada a bar ta cikin motar da aka rufe a rana ko da minti goma ne. In a adaidaita sahu za a je, a rungume kejin a cinya a lulluɓe shi da mayafi mara nauyi, duhu yana kwantar mata da hankali.

A manyan garuruwa wasu asibitocin dabbobi masu zaman kansu suna karɓar ajiya a biya kuɗin kwana. In za ku bi ta nan, ku je da ƙafarku ku gani kafin ku yarda. Ku duba ko kejin maguna yana nesa da na karnuka, ko iska na shiga, ko ana ware marasa lafiya, da kuma wanda ke zuwa ranar Lahadi da ranar sallah. Wurin da ya karɓi kyanwa bai tambayi katin rigakafinta ba, ku sani haka ya karɓi sauran da za ta zauna da su.

A kai ta wurin likita tun da sauran lokaci

Cikin wannan mako biyun a leƙa asibitin dabbobi. Kusan kowane babban birnin jiha yana da na gwamnati, sannan akwai asibitocin koyarwa na jami'o'i, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. A duba ko allurar rigakafin ciwon haukan kare ba ta wuce lokaci ba, domin kyanwa ma tana kamuwa tana kuma sa wa mutum, kuma wani za ku bar wa ita ya riƙa kai hannu. A ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Dalilin yin haka da wuri shi ne rigakafi yana ɗaukar kimanin mako biyu kafin ya kama jiki, kuma wata kyanwar takan yi kasala kwana ɗaya ko biyu bayan allura, gara ta yi shi a gabanku.

Ku sa likita ya taɓa cikinta in mace ce da ke fita waje. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne kacal, yana yiwuwa ku tafi ba ku lura ba ta haihu a bayanku. In tana da ciki ko tana shayarwa, abincinta zai ninka, tana kuma bukatar kwali da tsumma a lungu mai duhu. 'Ya'yan da ba su kai mako takwas ba ba a raba su da uwa, waɗanda aka yaye kuma sau uku zuwa huɗu suke ci a rana. Irin waɗannan, da tsohuwa, da mara lafiya, zuwa sau ɗaya a rana bai ishe su ba. Ko dai wani ya tare a gidan, ko a kai su inda ido zai kasance a kansu.

Kafin ku fito, ku karɓi lambar likitan, ku gaya masa za ku yi tafiya, wane ne zai iya kiransa, kuma kun ɗauki nauyin kuɗin duk abin da ya taso.

Abinci

Doka ɗaya ce: abin da ta saba ci shi za ta ci. Ba lokacin tafiya ake gwada sabon abu ba, canjin abinci farat ɗaya yana kawo zawo, kuma wata za ta shinshina ta juya baya har ta galabaita. In kuna son ta koma busasshen abincin kanti, irin su Whiskas, saboda ya fi sauƙi ga mai kulawa kuma ba ya lalacewa, to ku fara garwaya shi da wanda ta saba tun mako guda kafin tafiya, kullum ana ƙara yawansa kaɗan. Babbar kyanwa mai nauyin kilo huɗu tana cin kimanin giram 50 zuwa 60 na busasshen a rana, adadin yana rubuce a bayan leda. Ku samu gwangwani ko kofi ku yi masa alama daidai wurin, don kada a bar mutum da kintace.

In abincin gida take ci, ga yadda nake yi. Ina dafa kifi ko kaza ko nama da ruwa zalla, babu albasa, babu tafarnuwa, babu magi, babu barkono. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, shi ya sa ragowar miya ba abincinta ba ce. Ina zare ƙaya da ƙashi tsaf, in ɗan haɗa da dafaffen ƙwai ko 'yar shinkafa, sannan in ƙulla a leda, ƙulli ɗaya na ci ɗaya, in ƙirga na kwanakin tafiya in ƙara na kwana uku, saboda tafiya ba ta da tabbas, jirgi kan ɗaga, mota kan lalace, rasuwa kan tsayar da mutum. Ƙullin nan ba a firjin gidan da za a rufe nake barin su ba. Wuta na iya ɗaukewa kwana biyu komai ya ruɓe babu wanda ya sani. A firizar mai kulawa nake kai su, ko ta wani maƙwabci mai sola. In babu firiza ko ɗaya, gara a bar kuɗi a riƙa sayen ɗan kifi ana dafawa, ko a koma busasshen abincin.

Tuwo da shinkafa zalla ba sa riƙe kyanwa, jikinta na nama ne, akwai sinadarin da zuciyarta da idonta ke bukata wanda sai a nama ake samu. Madara kuma, duk da yadda aka saba ba su, tana sa manyan maguna da yawa zawo. In lokacin layya ne, ku gargaɗi mai kulawa kada tausayi ya sa ya cika mata kwano da kitse da hanta da soyayyen nama mai yaji. 'Yar tsoka da aka dafa ta wadatar.

Jiƙaƙƙen abinci ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a zafin nan namu. Abin da ta rage a zubar, a wanke kwanon. Don kiyashi, a ɗora kwanon abincin a cikin faranti mai faɗi da aka zuba wa ruwa kaɗan.

Ruwa

Kyanwa mai kilo huɗu tana bukatar kusan mililita 200 a rana, wato ƙasa kaɗan da rabin ledar ruwa, kuma ta fi haka in busasshen abinci take ci ko ana zafi. Amma kada a auna mata daidai. A ajiye kwano uku a wurare daban-daban, masu nauyi da faɗi waɗanda ba za ta kifar ba, a inuwa, nesa da wurin kashinta. Kaskon ƙasa ya fi roba, yana sanyaya ruwa kamar randa. A canza kullum. Ko da mai kulawa ya makara wata rana, ruwan nan shi ne zai tsare ranta.

Wurin bayan gida

Wadda ke fita tsakar gida ta san inda take tonawa. Wadda za a rufe a ciki kuwa tana bukatar baho mai faɗi da yashi mai zurfin yatsa guda, ko yashin kanti, ko garin katako in ta saba da shi. A ajiye biyu ga kyanwa ɗaya, uku ga guda biyu. A bar buhun yashi, da tsohon ludayi ko matsami na kwashewa, da ledoji. Mage mai tsabta ce, in bahon ya cika za ta riƙe fitsari ko ta nemi katifa. Sannan bahon nan shi ne ke ba da labarin lafiyarta, zan dawo kan wannan.

A zagaya gida da idon kyanwa

A nan nake ɗaukar lokaci, domin abin da ke kashe maguna a bayan masu su yawanci a cikin gida yake.

Al'adar da yawancinmu ita ce ranar tafiya a feshe ɗakuna da maganin sauro ko a yayyafa fiya-fiya, a zuba maganin ɓera a lunguna, a rufe, don a dawo a tarar gida ya yi tsit. In akwai kyanwa a gidan, wannan ba zai yiwu ba. Tana taka maganin, tana lashe ƙafarta, shi ke nan. Hantarta ba ta iya narkar da guba irin yadda ta mutum ko ta kare ke yi. Ɗakin da kuka fesa ya zama wanda ba za ta shiga ba sam, maganin ɓera kuwa a ɗage shi gaba ɗaya, har da tarkon danƙo. Ku roƙi maƙwabta na kusa su sanar in za su zuba nasu.

A rufe rijiya da murfi mai nauyi. A rufe durom da tanki da randa, kyanwa mai ƙishi takan leƙa ta zame, kuma bangon durom ba shi da wurin kama farce. A rufe murfin masai. A kwashe zare da allura, da igiyar labule mai lilo, da ledar da aka ƙulla nama ko kifi, domin tana haɗiye su su naɗe mata hanji. A ɗauke kalanzir da fetur na janareta da ruwan wanke bayi. A kulle magungunan mutane a durowa. A cire filogin kayan wuta, a kashe tukunyar gas.

Ƙofofin da kuke so su zauna a buɗe, a tokare su da dutse ko turmi, kada iska ta bugo ta rufe ta a ɗakin da babu ruwa. Waɗanda za a kulle kuma, sai an ga kyanwar da ido a waje sannan a murɗa makulli.

Sai yanayi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Kano zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da aka rufe ruf kuwa ya fi waje zafi. Kada a dogara da fanka, wuta ba ta da alkawari. A bar mata wuri mai siminti ko tayil da iska ke ratsawa ta tagogi biyu masu raga da ƙarfe, a saki labule a gefen da rana ke bugawa. Da damina a ɗaga abincinta da makwancinta sama, a tabbatar tana da inda ruwa ba ya tarar da ita. Da hunturu a ba ta kwali da tsohon bargo, a kuma gaya wa duk mai tayar da mota a gidan ya bubbuga bonet tukuna, saboda maguna kan shige inji neman ɗumi.

A kira mai kulawa ya zo ya gani, a kuma rubuta

Kwana biyu ko uku kafin tafiya ya zo gidan, lokacin cin abincinta. Shi zai zuba da hannunsa kuna tsaye. Ya zauna ƙasa ya miƙa mata bayan hannu ta shinshina, kada ya bi ta ko ya ɗauke ta. Ku nuna masa yadda kuke kiranta, ko "mus-mus" ne ko kaɗa kwano, da wuraren da take ɓuya: saman sif, bayan firji, cikin silin. Ya gwada makullin da kansa, wani kwaɗon sai wanda ya san lagonsa.

Sannan a rubuta a takarda a manna a bango kusa da kwanonta, a kuma tura masa ta WhatsApp, in ba ya karatu a yi masa saƙon murya. Abin da nake rubutawa ke nan: lokacin abinci da adadinsa, a canza ruwa, a kwashe baho, in akwai magani, nawa ne kuma yaushe, lambata, ta maigida, ta likita, ta mutum na biyu, inda keji yake, inda na ajiye kuɗin ko-ta-kwana. A ƙasa kuma da manyan baƙaƙe: kada a ba ta maganin mutane. Wannan layin ba na wasa ba ne. Mutumin kirki zai ga kyanwa ta yi laushi ya ɓallo mata farasitamol don tausayi, alhali ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka maganin kaska na karnuka da na shanu, wasunsu guba ne gare ta.

Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne ya gan ta da idonsa kullum. Kwano ya zama wayam ba shaida ba ce, muzurun maƙwabta ko ɓera na iya cinyewa alhali ita tana kwance wani lungu. Ina cewa, "Ƙanwata, ko ba ki ce komai ba, ki ɗauko mini hotonta kullum ki turo." In da hali ta zauna minti goma ko sha biyar, ta yi mata magana, ta ja mata igiya ta yi wasa, sannan ta ɗauke igiyar ta tafi da ita.

Ga abubuwan da in an gani ba a jira sai gobe, a kira likita a kira ku: ta yini ta kwana ba ta ci ba, amai a kai a kai ko zawo da jini, dalala da karkarwa, alamar guba ke nan, numfashi da baki a buɗe tana haki, domin kyanwa ba kare ba ce, in ta yi haka ta jigata, a kai ta inuwa a shafa mata ruwa mai sanyi-sanyi, ba na ƙanƙara ba, a wuce asibiti. Sai wanda mutane ba su cika sani ba: muzuru ya riƙa zarya zuwa baho yana tsugunawa yana kuka fitsari ba ya fita. Mafitsararsa ce ta toshe, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya mutuwa. Shi ya sa mai kwashe baho ya kamata ya lura ko yashin ya jiƙe.

In kuwa ta yakushe shi ko ta cije shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya je asibiti, ku kuma ku gaya masa ranar da aka yi mata rigakafi.

In ta ɓace, kada a ɓoye muku don gudun tayar da hankali, ku faɗa masa haka tun farko. Kyanwar da ta tsorata ba ta cika yin nisa ba. A fara da cikin gida, ɗaki-ɗaki, har waɗanda aka kulle, sannan gidajen da ke manne da naku, kango, ƙarƙashin mota, bayan tanki. A fita bayan isha'i lokacin da unguwa ta yi shiru, da tocila da kwanonta ana kaɗawa, a bar zanin nan mai ƙamshinku a bakin ƙofa.

Ranar tafiya da ranar dawowa

Da safe, kafin a fara fito da akwatuna, a sa ta a ɗaki ɗaya da ruwanta a rufe, saboda hayaniya da buɗaɗɗen ƙyaure su ne ke sa ta shige inda bai kamata ba. In an gama loda kaya, a kulle duk ɗakunan da za a kulle, sannan a buɗe mata, a zuba mata abinci, a fita tana ci. Makulli kuma a damƙa shi hannu da hannu, ba a ƙarƙashin dutse ba. Da kun sauka ku kira ku ji ko an je zuwan farko, domin shi ne aka fi mantawa.

Ranar da kuka dawo, ku sanar da mai kulawa cewa kun iso. Ku yi yarjejeniya da shi tun farko cewa zai ci gaba da zuwa har sai ya ji muryarku kuna cikin gida, ko da ranar da kuka ambata ta wuce. Ita kuma kyanwar, wata za ta taho da gudu tana kuka, wata za ta kalle ku daga nesa ta yini ba ta matso ba. A bar ta ta shinshina akwatuna, ta zo don kanta. In ta zo, ku shafa ta tun daga kai har wutsiya kuna lalubawa ko akwai rauni ko kumburi ko rama, ku duba idonta da kunnenta, ku sa ido kan cinta da bahonta kwana biyu. Kayan tsaraba masu yaji, irin su kilishi da dambun nama, a ɗage su sama tun kafin a zauna. Sannan kafin dare ya yi, a ware tsarabar mai kulawa da cikon ladansa, a taka har gida a kai masa, a karɓo makulli, a tambaye shi abin da ya ba shi wahala don a gyara kafin tafiya ta gaba.